Gudu da Tafiya a Haɗe: Hanyar Koyon Dogon Gudu Ba Tare da Rauni Ba

Matasa da yawa suna sha'awar gudun fanfalaki, wanda wasu ke kira gudun ya-da-ƙanin-wani. Amma galibi sai mutum ya fita ranar farko da ƙarfinsa, ya yi ta sheƙa gudu har numfashi ya sarƙe, washegari ya tashi ƙafa ta riƙe, daga nan ya watsar. Akwai hanya mai sauƙi da ke kawar da wannan matsala: a yi gudu kaɗan, a yi tafiya kaɗan, a sake gudu, haka har lokaci ya cika. Ba ta buƙatar kuɗi ko kayan aiki, kuma maza da mata, yara da manya duk suna iya bin ta.

Daga ina ta fito?

Wanda ya yaɗa wannan hanya shi ne Jeff Galloway, ɗan Amurka da ya wakilci ƙasarsa a tseren mita 10,000 a gasar Olamfik ta 1972 a Munich ta Jamus. Bayan ya fara koyar da sababbin masu gudu, ya lura cewa idan aka sa musu tafiya a tsakani, raunin da suke ji yana raguwa, kuma ba sa gudun atisaye. Yau akwai masu kammala tseren kilomita 42 ta wannan hanya. Hukumar lafiya ta Birtaniya ma tana da shiri irin wannan na mako 9, sau uku a mako, wanda ke kai wanda bai taɓa gudu ba ga gudun minti 30 ba tsayawa.

Me ya sa take aiki?

Zuciya da huhu suna saurin sabawa da aiki, cikin 'yan makonni. Ƙashi da jijiyoyi da agara kuwa sai a hankali, suna ɗaukar watanni. Shi ya sa sabon mai gudu yakan ji numfashinsa ya yi daidai, ya ƙara nisa, sai ciwon ƙwauri ko na gwiwa ya kwantar da shi. A gudu, kowane taku yana saukar wa ƙafa nauyin da ya ninka na jiki sau biyu ko fiye. A tafiya nauyin ya fi sauƙi sosai. Tafiyar tsakani tana ba ƙafa hutu, bugun zuciya ya ɗan sauka, zafin jiki ya ragu.

Babban sirrin shi ne a soma tafiyar tun kafin a gaji. Wanda ya jira sai ƙarfinsa ya ƙare sannan ya tsaya, tafiyar ba za ta maido masa da shi ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Yadda za ku fara

Ku zaɓi kwana uku a mako, da ranar hutu tsakanin kowane biyu. Kowace rana ku buɗe da tafiyar minti 5 mai ɗan sauri, ku rufe da irinta.

Mako na 1 da na 2: sassarfa minti 1, tafiya minti 1 da rabi, sau 8.
Mako na 3 da na 4: sassarfa minti 2, tafiya minti 2, sau 6.
Mako na 5 da na 6: sassarfa minti 3, tafiya minti 1 da rabi, sau 6.
Mako na 7 da na 8: sassarfa minti 5, tafiya minti 1, sau 5.

Idan mako ya yi muku nauyi, ku maimaita shi kafin ku wuce gaba. Saurin da ya dace shi ne wanda za ku iya magana da abokin gudunku ba tare da haki ba. In magana ta gagara, ku rage.

Wanda ba shi da agogo ko waya sai ya yi amfani da filin ƙwallo: ya yi sassarfa daga wannan raga zuwa waccan ya dawo, sannan ya taka tsawon filin sau ɗaya da tafiya. In kuna ƙungiya, mutum ɗaya ya riƙe waya yana ba da sanarwa.

Abin da za ku kiyaye

Ku fita bayan sallar asuba ko da yamma rana ta yi sanyi. Ku sha ruwa kafin fita da bayan dawowa. Fitsari mai duhu alama ce ta ƙarancin ruwa a jiki. Ranar da hazo da ƙura suka yi yawa, masu asma su zauna gida. Lokacin azumi a rage atisaye, ko a mai da shi bayan buɗa-baki.

Ku sa takalmi mai rufe ƙafa saboda ƙaya da tsakuwa, silifa kan jawo tuntuɓe. Ku tsaya cikin iyakar sansani da hanyoyin da aka sani, kada ku shiga daji. 'Yan mata su fita a ƙungiya, da sanin iyaye.

Mai zazzaɓi ko gudawa kada ya yi gudu sai ya warke. Masu juna biyu, masu hawan jini, ciwon suga, ciwon zuciya ko sikila, su fara tuntuɓar ma'aikacin asibiti. Yaron da ke karɓar maganin tamowa ba ya wannan atisaye. Duk wanda ya ji ciwon ƙirji, jiri, ko ya ga duhu-duhu, ya tsaya nan take, a kai shi inuwa, a nemi ma'aikacin lafiya.

Amfanin da ke ciki

Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci babba ya sami aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, yara kuma minti 60 a rana. Motsa jiki yana taimaka wa barci, yana rage damuwa da yawan tunani, yana kuma taimakawa wajen daidaita hawan jini.

Masu burin gasa kuma su tuna da 2016, lokacin da tawagar 'yan gudun hijira ta fara shiga Olamfik a Rio ta Brazil. Cikin 'yan wasa 10, biyar 'yan tsere ne daga Sudan ta Kudu da suka zauna a sansanin Kakuma na Kenya, kuma ɗayarsu, Rose Nathike Lokonyen, ita ta riƙe tutar tawagar. Ku nemi aboki ɗaya ko biyu a unguwarku, ku tsai da ranakun ku uku, ku soma da minti ɗaya.