Su wa ya kamata su zauna a kwamitin zaɓen manhajar kamfani?

A watan Yulin 2018, kamfanin Lidl na Jamus, ɗaya daga cikin manyan kantunan kayan masarufi a Turai, ya dakatar da wani aiki da ya shafe shekara bakwai yana yi. Tun 2011 yake ƙoƙarin sauya tsohuwar manhajar da yake lissafin kaya da ita zuwa ta kamfanin SAP. Rahotannin jaridun Jamus sun ce aikin ya laƙume kusan Yuro miliyan 500. A ƙarshe Lidl ya koma ga tsohuwar manhajarsa.

Wani abu da ake yawan ambata a matsayin tushen matsalar yana kama da ƙaramin zance. Lidl ya saba ƙiyasta kayan da ke rumbunansa da kuɗin da ya saro su, ita kuwa manhajar SAP ta kantuna an gina ta ne a kan farashin da za a sayar da kayan. Lidl bai yarda ya sauya yadda yake lissafi ba, sai aka shiga yi wa manhajar kwaskwarima. Gyara ya riƙa haifar da gyara, kuɗi na tafiya, aiki na ja da baya.

Duk akantan da ya daɗe a irin wannan kamfani ya san da wane farashi ake rubuta kaya. Wannan tambaya ce ta makon farko, tun kafin a sa hannu a kwangila, kuma ita ce ke nuna muhimmancin waɗanda aka zaunar a teburin zaɓe.

Irin wannan manhaja, wadda ake kira ERP, ita ce ke haɗa lissafin kuɗi da albashi da saye da sayarwa da ajiyar kaya wuri guda. SAP da Oracle da Microsoft na cikin manyan masu sayar da ita. Da zarar an dasa ta, kamfani kan yi shekaru da yawa a kanta, domin fita daga cikinta ya fi shiga wahala.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki lamarin a matsayin aikin sashen kwamfuta. Ma'aikatan wannan sashe sun san tsaron bayanai da yadda manhaja ɗaya za ta yi magana da wata, kuma dole a sa su ciki. Amma ba su ne ke rufe littafin kuɗi a ƙarshen wata ba, ba su ne ke karɓar kaya daga mota da daddare ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kwamitin da babu akanta da mai kula da sito da jami'in saye da mai biyan albashi, zai zaɓi abin da ya yi kyau a allo ne kawai. Kuma ba shugabannin sassan kaɗai ake nufi ba. Sau da yawa ƙaramin ma'aikacin da ke shigar da rasit ɗari a rana ya fi mai gidansa sanin inda aikin ke cijewa.

Sai dai tara mutane bai isa ba. Kowane sashe zai zo da buƙatarsa, yana cewa haka muka saba yi. Idan babu mutum ɗaya daga cikin manyan shugabanni da ke da ikon cewa wannan za a gyara manhaja dominsa, wancan kuwa ku ne za ku sauya, to kwamitin zai amince da komai don a zauna lafiya.

Abin da ya faru da majalisar birnin Birmingham a Ingila ya nuna inda hakan ke kaiwa. Majalisar ta bar SAP ta koma Oracle, aka fara aiki da sabuwar manhajar a watan Afrilun 2022. Da farko an tsara cewa ma'aikata ne za su bi tsarin manhajar, amma daga baya aka koma lanƙwasa ta don ta dace da tsohon salon aiki. Sashen da ke daidaita kuɗin da ke banki da abin da ke rubuce a littafi ya ƙi aiki yadda ya kamata, sai da ma'aikata suka koma yi da hannu. Aikin da aka yi wa kasafin fam miliyan 19, zuwa 2023 ana maganar kusan fam miliyan 100. A watan Satumban wannan shekarar majalisar ta ayyana cewa ba za ta iya daidaita kasafinta ba. Babban dalilin shi ne bashin daidaita albashin mata da maza, amma manhajar ta ƙara wa wutar fetur. Masu binciken kuɗi sun gano daga baya cewa damuwar da ake da ita kan rashin shirin manhajar ba ta isa ga kansiloli yadda ya kamata ba kafin a fara amfani da ita.

Wannan na nufin kwamiti na buƙatar hanyar da labari mara daɗi zai hau sama ba tare da an tace shi a hanya ba.

A Najeriya ma an ga makamancin haka da tsarin biyan albashi na IPPIS. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta daɗe tana cewa tsarin bai yi la'akari da yanayin aikin jami'a ba, kamar malaman da ke zuwa koyarwa na wucin gadi a wata jami'ar. Batun na cikin dalilan yajin aikin wata takwas na 2022, kuma a Disamban 2023 gwamnatin tarayya ta amince a cire manyan makarantu daga tsarin.

Game da yadda kwamiti zai yi aiki, tsarin da ya fi amfani shi ne ya rubuta buƙatunsa kafin ya gayyaci dillalai, ya ware abin da ba makawa sai da shi daga abin da sha'awa ce kawai. Idan dillali ya zo nuna hajarsa, a ba shi ainihin takardun kamfanin, har da masu rikitarwa: kayan da aka dawo da su, abokin ciniki da ya biya rabi, ma'aikacin da aka ƙara wa girma a tsakiyar wata. A nan ake gane manhajar da za ta iya. A kuma kira wasu kamfanonin da ke amfani da ita, ba waɗanda dillalin ya zaɓo kaɗai ba.

Kuɗin lasisi kuwa somin-taɓi ne. Akwai na masu ba da shawara, da horar da ma'aikata, da tsabtace tsofaffin bayanai a kwashe su, da kuɗin da za a riƙa biya duk shekara. Haka nan duk ɗan kwamitin da ke da wata alaƙa da ɗaya daga cikin dillalan ya kamata ya faɗa tun a zaman farko.

Abin da shugabanni suka fi ƙin yi shi ne rage wa 'yan kwamiti aikinsu na yau da kullum. Mutumin da ya fi cancanta ya wakilci sashensa galibi shi ne wanda sashen ba ya iya kwana ɗaya babu shi, don haka sai a tura wanda ba shi da aiki sosai, ko kuma a tura gwanin a bar masa duk kayansa a ka, ya riƙa leƙa taro yana duba agogo.