Muryar Mata a Ƙasar Jieng

'Yan'uwa manoma, Jieng su ne mutanen da aka fi sani da Dinka, kabila mafi yawa a Sudan ta Kudu. Makiyaya ne, suna kuma noman dawa. A al'adarsu sarauta ta maza ce. Akwai beny bith, wato mai mashin kamun kifi, wanda yake roƙon albarka yana sasanta rigima. Da shanu ake biyan sadaki, maza ne kuwa suke yanke shari'arsu.

Amma kada mu ɗauka mata ba su da ta cewa. Hatsi da nono a hannun uwargida suke, ita ke auna abin da gida zai ci har kaka. Wanda ya taɓa ganin rumbu ya ƙare a tsakiyar damina ya san wannan ba ƙaramin iko ba ne. Tsohuwa kuma, in ta yi magana, dattawa sukan saurara.

An ga amfanin wannan a shekarar 1999. Jieng da maƙwabtansu Nuwer sun yi shekaru suna kashe juna, ana kwashe shanu da mata da yara. Sai majalisar ikilisiyoyi ta kira taron sulhu a Wunlit. Aka yanka farin bijimi, mata suka zauna cikin wakilai suka faɗi abin da yaƙi ya ci musu. Aka amince a mayar da waɗanda aka sace, a yi kiwo da su tare.

Cikin matan da suka yi aikin nan akwai Awut Deng Acuil, wadda ta zama ministar harkokin waje a 2019.