Rakiya Zuwa Kwatano: Yadda Na Tarar Da Bargu A Bakin Teku

A shekarar 2023 ne Allah Ya nufa na raka maigidana, wanda likitan dabbobi ne, zuwa wani taro na kwana huɗu a Kwatano ta Jamhuriyar Benin. Da na je yi wa mahaifiyata sallama a Ka'oje, na ce mata za ni ƙasar waje, sai ta yi dariya ta ce yaushe Benin ta zama ƙasar waje? Tana da gaskiya, domin daga garinmu ana bi ta Tsamiya a ci kasuwar Segbana a dawo gida a kwana. Amma mu sai da muka gangara Legas, muka hau jirgi, aka buga mana hatimi a fasfo.

Masu shirya taron sun ware mana mota, mu matan mahalarta da wasu mazaje biyu, domin yawon buɗe ido. Mun shiga kwale-kwale zuwa Ganbiye, garin da aka kafa bisa tafkin Nokuwe, mun kuma je Wida, inda muka tsaya a Ƙofar Ba-Komawa da aka gina a 1995 domin tunawa da bayin da aka loda zuwa ƙasashen Amurka, har da Hausawa. Da dare kuwa liyafa ce, kifi da jawabai cikin Faransanci, ina ta gyaɗa kai alhali ba abin da nake ji.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani mutum-mutumi na mahayin doki da ke shataletalen filin jirgin sama. Ɗan jagoranmu ya ce Biyo Gera ke nan, jarumin Bargu daga yankin Kalale, wanda ya yi wa Faransawa tawaye kan haraji da kwasar samari zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya, har aka kashe shi a watan Disamba na 1916. Gwamnatin Patrice Talon ce ta ƙaddamar da shi a watan Yulin 2022. Sauran baƙi suka ɗauki hoto suka koma mota, ni kuwa na kasa ɗagawa, domin Kalale tana maƙwabtaka da Segbana, kuma sarautar garinmu ma Sarkin Bargun Ka'oje ake ce mata. Wato dai na yi tafiyar kwana biyu ne domin wani Bayarben Kwatano ya gabatar mini da maƙwabcina.

Mai karatu zai tuna cewa Bargu ƙasa ɗaya ce kafin Lugga ya yi tsere da Faransawa zuwa Nikki a 1894, sannan yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta raba ta biyu. Tun daga nan dangi suka koma baƙin juna a takarda. Wannan ne ma abin da mazajenmu suke ta kai-kawo a kansa a zauren taro, domin a ƙarshen 2019 Benin ta hana shigar da shanun kiwo daga ƙetare, ga shi kuma Fulanin yankinmu tun kaka da kakanni can suke cin rani. Cutar dabba ba ta san kan iyaka ba, amma makiyayi dole ya san ta.

A ganina, Benin ta fi mu sanin darajar abin da take da shi. Ta ɗauko ɗan arewacinta ta kafa a inda duk baƙon da ya sauka zai fara gani, mu kuwa a manhajar tarihin da nake koyarwa a sakandare, Bargu ba ta wuce 'yan layuka ba. Da na dawo na nuna wa ɗalibaina 'yan aji shida hoton, na tambaye su ko waye. Ba wanda ya sani. Wani yaro da kakarsa take Segbana ya ɗaga hannu ya ce ai Sarkin Zazzau ne.