Kifin Binuwai a tankin gilashi: wa zai zauna da wa?

A Garwa yanzu ana yawan ganin tankin gilashi da kifi a falon gida da ɗakunan otal. Abin da ke ba ni mamaki shi ne, kifin da masu sha'awa a Turai ke saye da tsada, irin su gartsa da kurungu, nan a kogin Binuwai da tafkin Lagdo masunta ke kama su. Samun kifin ba wuya. Haɗa su wuri ɗaya ne ke cinye kuɗin mutane.

Dokar farko, kowane masunci ya san ta: duk kifin da ya shiga bakin wani, abincinsa ne. Ɗan giwan ruwa mai tsawon yatsa yana da kyau a ido, amma babbansa kan kusa mita 2. Shi aka zuba a tafkin Biktoriya a shekarun 1950, ya share ɗaruruwan nau'o'in ƙananan kifaye. Tafki guda ke nan, balle tankin falo. Tsage ma haka, ga haƙora ga gudu, kuma yana son ruwa mai yawan iska. Minjirya kuwa ita kaɗai ake ajiyewa, saboda wutar jikinta.

Haɗin da na fi yarda da shi shi ne a raba musu wuri. Gartsa da kurungu a ƙasa, da duwatsu ko guntun tukunyar ƙasa don ɓuya. Bargi a tsakiya da sama, in tankin babba ne sosai, domin yana kai kusan mita 1, amma ba mafarauci ba ne. A tabbata girmansu ya yi kusa da juna, kuma a rufe tankin, don gartsa da bargi gwanayen tsalle ne. Karfasa tana da lafiya har sai ta tashi yin ƙwai. Nan za ta tone yashi ta kori kowa.

Sai zafin Garwa. A Maris da Afrilu yakan wuce digiri 40, ruwa mai ɗumi kuma ba ya riƙe iska sosai. In wuta ta ɗauke da dare famfon iska ya tsaya, tsage ne zai fara mutuwa, gartsa da tarwaɗa su leƙo sama su shaƙi iska su kwana lafiya. Shi ya sa nake ce wa masu tambayata, Malam, kafin ka sayi kifi na biyu, sayi famfo mai batir. Ruwan famfo kuma a bar shi ya kwana a buɗe kafin a zuba, a riƙa canza kashi ɗaya cikin huɗu duk mako.