Sojan Da Aka Ƙera: Tarihin Labarin Zane Na Rogue Trooper Da Alaƙarsa Da Nijeriya

Gabatarwa

Manazarta adabin Hausa sun daɗe suna ba da ƙarfi ga zube da waƙa da wasan kwaikwayo, amma ba su cika waiwayar labarin zane ba, watau labarin da ake bayarwa ta jerin hotuna da 'yan kalmomi a bakin 'yan wasa. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi tarihin ɗaya daga cikin fitattun labaran zane na yaƙi da ƙagen kimiyya, mai suna Rogue Trooper, ta nuna inda ya haɗu da Nijeriya, sa'an nan ta duba abin da marubucin Hausa zai ƙaru da shi.

Tushen Labarin

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, labaran zane na yaƙi sun yi kasuwa ƙwarai a Ingila. Alal misali, a 1958 aka fara War Picture Library, a 1961 kuma kamfanin D. C. Thomson na birnin Dundee ya fito da Commando. Jigon waɗannan duka ɗaya ne: jarumin Ingila ya ga bayan abokan gaba. A watan Fabrairu na 1977 sai kamfanin IPC ya kafa mujallar mako-mako mai suna 2000 AD, wadda ta ɗauke fagen fama daga jiya ta kai shi gobe. A cikinta ne, a fitowa ta 228, cikin 1981, Rogue Trooper ya fara bayyana. Gerry Finley-Day ne ya rubuta, Dave Gibbons ya zana.

Wannan Gibbons ɗin kuwa ba baƙon Nijeriya ba ne. Daga 1975 zuwa 1977, shi da Brian Bolland su ne suka riƙa zana Powerman, labarin wani jarumi baƙar fata da ake bugawa duk mako biyu domin masu karatu na Nijeriya. Ashe ke nan hannun da ya zana sojan nan ya goge ne a kan aikin da aka yi wa yaranmu. Kafin Powerman ma, tun daga 1968, mujallar African Film mai ɗauke da labarin Lance Spearman cikin hotuna ta riga ta koya wa matasan biranenmu karatun labari daga hoto zuwa hoto.

Zubi Da Jigo

An gina labarin ne a kan wata duniya mai suna Nu-Earth, inda runduna biyu, ta Arewa da ta Kudu, suka yi ta gwabzawa da makamai masu guba har iska ta lalace, babu mai iya shaƙarta sai da rigar kariya. Don haka sai mutanen Kudu suka ƙera sojoji a ɗakin gwaji, masu shuɗiyar fata, waɗanda guba ba ta cin su. Amma wani janar na ɓangarensu ya ci amana ya tona asirinsu ga abokan gaba, aka yi musu kwanton ɓauna aka karkashe su. Rogue kaɗai ya tsira. Ya ciro hankalin abokansa uku da ke ajiye cikin wasu ƙananan na'urori, ya sa Gunnar a bindigarsa, Helm a hular kwanonsa, Bagman a jakar bayansa. Daga nan ya bar rundunarsa ya shiga farautar maci amanar, kayan yaƙinsa suna yi masa magana, wani lokaci har da gardama.

Abin lura a nan shi ne, labarin ya juya wa magabatansa baya. Babban abokin gaban soja ba ya wancan sansani, yana cikin manyan da suka tura shi. Gubar ma ba ƙage ce zalla ba, domin an yi amfani da ita a Ypres a 1915, aka kuma sake a yaƙin Iran da Iraƙi na 1980 zuwa 1988, daidai lokacin da labarin ke fitowa.

Bayan Gibbons, masu zane irin su Colin Wilson da Cam Kennedy da Brett Ewins sun ci gaba da aikin. Da farautar janar ta ƙare a 1984, sai labarin ya rasa alƙibla, gama ƙullin da ya riƙe shi ya warware. A 1989 Gibbons ya komo a matsayin marubuci, ya sake shi da sabon jarumi mai suna Friday. A shekara ta 2000 kamfanin Rebellion ya sayi mujallar, ya kuma mai da labarin wasan kwamfuta a 2006.

Darasi Ga Adabin Hausa

Kayan haɗin irin wannan labari ba baƙi ba ne gare mu. Gandoki na Bello Kagara, wanda ya fito daga gasar 1933, ya haɗa yaƙi da Turawa da tafiya ƙasar aljannu. Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, na 1969, ya kai yaro Kilba sararin samaniya. Na farko ya riƙe yaƙi da al'ajabi, na biyu ya riƙe kimiyya. Abin da ya rage shi ne a haɗa su, a ba su siffa ta zane. Makamin da ke da suna da hali ma, duk wanda ya saba da kirarin mayaƙa da labarin layu da sulke ba zai yi mamakinsa ba.

Ƙasar Kabi kuwa cike take da tarihin da za a ɗora a kai. Ga ganuwar Surame ta zamanin Kanta, ga harin da aka kai wa jama'ar Abdussalami a Gimbana, wanda ya zama sanadin hijirar Shehu a 1804, ga kuma kafuwar Jega a hannun ɗansa Buhari. A Aliero, garin albasa da masu ɗori, an kafa jami'ar kimiyya da fasaha a 2006. Ɗalibin da ya tashi a Maiyama yana jin labaran yaƙi a bakin kakanninsa, ya kuma zo Aliero ya karanci kimiyya, ya mallaki rabi biyun duka. Idan bai sami irin wannan labari da harshensa ba, zai saba da ganin cewa gobe ta wasu ce, da Turanci kaɗai ake mafarkinta.

Kammalawa

Tarihin Rogue Trooper ya nuna abubuwa biyu: labarin zane yana iya ɗaukar jigo mai nauyi kamar cin amana da ɓarnar yaƙi, kuma yana rayuwa ne muddin ƙullinsa bai warware ba. Ya kamata sassan Hausa na jami'o'inmu su tattara abin da ya rage na tsofaffin mujallun nan kafin gara ta gama da su, su kuma haɗa ɗalibansu da na sashen zane-zane, ko a sami wanda zai fara.