Daga fim ɗin kodin zuwa tramol: abin da ya sa sarƙa ba ta warkar da yaro

A ƙarshen watan Afrilun 2018 BBC ta fitar da wani fim na bincike mai suna Sweet Sweet Codeine, kan maganin tari mai kodin da matasa ke kwankwaɗa a Najeriya. Ƴar jaridar da ta yi aikin, Ruona Meyer, abin a gidansu ya faru, don ɗan'uwanta ya faɗa shan kodin bayan rasuwar mahaifinsu. Ranar 1 ga Mayu gwamnatin Najeriya ta hana haɗa maganin da shigo da shi.

Abin da ya fi tsaya wa masu kallo a rai shi ne samarin da aka nuna ɗaure da sarƙa a wani gidan gyaran hali a Kano. Mu ma nan ƙasar Dakoro mun san wannan, sai dai namu ba kodin ba ne, tramol ne. Mai jan ruwa a rijiya, ɗan kabu-kabu, yaron da ke bin garke, kowa cewa yake na ƙarin ƙarfi ne. In abin ya ɓaci, iyaye su kulle shi a ɗaki, wai kar maƙwabta su ji.

To, ga inda matsalar take. Tramol da kodin dangi ɗaya ne, magungunan kashe zafin ciwo masu sa jiki ya saba da su. Ƙwayar da likita ke rubutawa yawanci miligiram 50 ce, amma ta hannun ƴan tebur takan kai 120 ko 225. Wanda ya daɗe yana sha, in aka yanke masa rana ɗaya, sai zufa, ciwon gaɓoɓi, zawo, rashin barci da faɗa. Ba taurin kai ba ne, ba kuma iska ba ce: jiki ne ke neman abin da ya saba. Ana kwance shi zai koma, kuma in ya sha yawan da yake sha a da, yana iya kashe shi, tunda jikin ya rage juriya.

Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke rage ƙwayar sannu a hankali. A fara da likitar da ke kusa, ita za ta tura asibitin Dakoro in da buƙata. In kuwa ya faɗi yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, abin da yawan tramol ke jawowa, a kwantar da shi ta gefe, kar a sa masa cokali ko ruwa a baki, a nemi abin hawa.