Ilmin Ƙarafa a Wuyan Hannu: Me Ke Ɓata Sarkar Agogo Mai Tsada Wajen Rage Tsawonta?

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa sayen agogon hannu mai sarkar ƙarfe ya san cewa da wuya sarkar ta zo daidai da wuyan hannunsa. Masu ƙera agogo kan yi ta da tsawo don ta shiga hannun kowa, sai a bar wa dillali aikin cire gaɓa ɗaya ko biyu ko fiye, har ta zauna daidai. Aiki ne na 'yan mintoci, amma a cikin waɗannan mintocin ne sabon agogo kan sami tabonsa na farko. Mai agogo zai koma gida cikin murna, ya duba cikin haske, sai ya ga kwarzane a gefen sarka, ko kan sukuru ya lauye, ko kuma bayan 'yan kwanaki sarkar ta tsinke agogon ya faɗi ƙasa. Idan agogon na Rolex ne, ko Omega, ko Patek Philippe, waɗanda wasunsu kan fi mota tsada, to hasarar ba ƙarama ba ce.

A wannan maƙala za mu duba dalilan da ke haddasa wannan ɓarna. Mai karatu zai ga cewa darussan da ake koyarwa a ajin kimiyya, wato tauri da matsi da gogayya, su ne ke aiki a kan teburin mai gyaran agogo, ko a birnin Janiba ta ƙasar Suwizalan yake, ko a bakin kasuwar garinmu.

Yadda aka harhaɗa sarkar

Sarkar agogo jerin gaɓoɓi ce, kowace gaɓa tana haɗe da 'yar'uwarta da wani siririn ƙarfe da ya ratsa su a gicciye. Hanyoyin haɗawar da aka fi sani uku ne. Ta farko ita ce ta fil mai tsagaggen kai, wanda ake turawa cikin rami ya cije saboda bakinsa ya ɗan buɗe. A bayan irin wannan sarka akan zana 'yan kibau da ke nuna ɓangaren da fil zai fita. Ta biyu ita ce ta fil da zobe, wadda kamfanin Seiko na Japan ya yi suna da ita: fil ɗin santsi gare shi, wani ɗan mitsitsin bututu ne ke riƙe shi. Ta uku ita ce ta sukuru, wadda aka fi samu a agogo masu tsada kamar Rolex. Kaurin waɗannan sukurori bai kai milimita 2 ba. Kowace hanya da kayan aikinta, kuma kowace da irin ɓarnar da ke biyo bayan kuskure a cikinta.

Tauri: wa ke kwarzane wa?

Ƙa'ida ta farko ita ce abu mai tauri yana kwarzane wanda bai kai shi tauri ba. A shekarar 1812 wani masanin ma'adinai Bajamushe, Friedrich Mohs, ya jera ma'adinai goma daga mafi laushi zuwa mafi tauri. Ya ba lu'ulu'u lamba 10, ya ba ma'adinin kwaz, wanda shi ne mafi yawa a cikin rairayi, lamba 7. Farcen mutum yana wajen 2.5, gilashin taga kuwa wajen 5.5. Ma'aunin Mohs jeri kawai yake nunawa, don haka masu nazarin ƙarafa suka fi amfani da ma'aunin Vickers, wanda aka ƙirƙiro a Ingila a shekarar 1921. A wannan gwaji ana danna tsinin lu'ulu'u a kan ƙarfe da nauyin da aka sani, sannan a auna girman gurbin da ya bari. Ƙanƙantar gurbi ita ce alamar tauri.

Yawancin sarƙoƙin agogo masu kyau da ƙarfe maras tsatsa ake yin su, samfurin da ake kira 316L. Harry Brearley ne ya shahara da gano irin wannan ƙarfe a birnin Shefil na Ingila a 1913. Asirinsa shi ne sinadarin kuromiyam, wanda dole ya kai kashi 10.5 cikin ɗari. Kuromiyam na haɗuwa da iskar oksijin ya yi wata siririyar fata a saman ƙarfen, wadda ido ba ya gani, ita ce ke hana tsatsa. Kamfanin Rolex yana amfani da samfurin 904L, wanda ya fi yawan kuromiyam da nikel, ya kuma fi jure gumi da ruwan gishiri. Sai dai jure tsatsa daban, tauri daban. A ma'aunin Vickers waɗannan ƙarafa biyu suna tsakanin 150 zuwa 200 ne in ba a matse su wajen ƙira ba, alhali bakin sukudireba, da yake an gasa shi an tsoma don ya yi tauri, yakan kai 600 ko fiye. Ke nan kayan aikin ya ninka abin da ake gyarawa tauri sau uku. Zinariya kuwa ta fi haka rauni. Tsantsarta tana da laushi ƙwarai, shi ya sa ake gauraya ta da azurfa da jan ƙarfe a sami mai karat 18, wato kashi 75 cikin ɗari zinariya, wadda ake buga wa lambar 750. Duk da gaurayawar, ba ta kusa da taurin sukudireba.

Matsi: ɗan lissafi

Ɗalibai za su tuna cewa matsi shi ne ƙarfi a raba da faɗin wurin da ƙarfin ya sauka. Mu ɗauki misali. Mai gyara ya danna sukudireba da ƙarfin niyuton 30, wato kimanin nauyin kilo 3. In faɗin bakin sukudireban milimita 1.6 ne, kaurinsa kuma milimita 0.3, to ƙarfin ya bazu a kan kusan rabin murabba'in milimita, matsin kuwa niyuton 60 ne a kowane murabba'in milimita. Ƙarfe ba zai ji wannan ba. Amma da zarar bakin ya zame, kusurwarsa kaɗai ta sauka a jikin sarka, wurin da ta taɓa zai iya zama kashi ɗaya cikin ɗari na murabba'in milimita. Nan take matsin ya haura zuwa niyuton 3,000. Taurin Vickers 200 kuwa daidai yake da matsin niyuton kusan 2,000 a kowane murabba'in milimita. Tun da 3,000 ta wuce 2,000, kusurwar za ta nutse cikin ƙarfen, in hannu ya ci gaba da tafiya kuma ta huɗa layi kamar garma a gona. Hannun mai gyara bai ƙara ƙarfi ko kaɗan ba, wurin saukar ƙarfin ne ya ƙanƙance.

Wannan lissafi shi ne ke bayyana dalilin da ya sa dole bakin sukudireba ya cika tsagar sukuru tsaf, a faɗi da kauri. In ya yi ƙanƙanta, kusurwoyinsa biyu kaɗai za su ɗauki duk ƙarfin murɗawa, su tauna leɓen tsagar. In ya yi faɗi, zai goge bakin ramin da sukurun yake ciki. Sukudireban da aka wasa kamar bakin gizago, mai kauri daga sama da siranta a ƙasa, yana da halin tura kansa waje idan aka murɗa shi da ƙarfi. Saboda haka ƙwararru suka fi son wanda gefunan bakinsa suke a miƙe, domin ya zauna har ƙasan tsaga.

Gam da cijewar ƙarfe

Me ya sa sukurun kan ƙi kwancewa har a kai ga amfani da ƙarfi? Dalili na farko shi ne gam. Hannu ba ya zama wuri ɗaya, kuma motsin yau da gobe na iya sassauta sukuru. Don haka akan ɗiga wa zarensa wani gam na musamman irin na Loctite, wanda Vernon Krieble, malamin ilmin sinadarai a Amurka, ya ƙirƙiro a 1953. Abin mamaki game da wannan gam shi ne ba ya daskarewa a sarari. Sai an rufe shi tsakanin ƙarfe da ƙarfe, inda iska ba ta kaiwa, sannan ya sandare. Akwai mai sauƙi da ake kwancewa da hannu, akwai mai ƙarfi wanda sai an gasa shi zuwa wajen digiri 250 a ma'aunin Salshiyas. Ɗumi yana tausasa gam, shi ya sa mai gyaran da ya san aikinsa kan ɗumama gaɓar kafin ya murɗa. Amma yakan raba sarkar da kan agogon tukuna, domin zafi na lalata robobin da ke hana ruwa shiga da kuma man da ke cikin injin.

Dalili na biyu shi ne cijewa. Mun ce fatar kuromiyam ce ke kare ƙarfe maras tsatsa. Idan ƙarafa biyu irin wannan suka gogi juna da matsi, fatar kan kankare, tsirarar ƙarfe ta haɗu da tsirarar ƙarfe, ƙwayoyinsu su kama juna tamkar an yi musu walda ba tare da wuta ba. In aka ci gaba da murɗawa sai zaren ya yage, ko kan sukurun ya guntule ya bar gindinsa a ciki. Ƙarfen taitaniyam, wanda kamfanin Citizen ya fara yin agogo da shi a 1970, ya fi kowa wannan hali. Maganin abin shi ne tsabtace zare, da murɗawa a hankali, da tsayawa da zarar an ji ya yi tauri fiye da kima.

Guduma, zobe da tangaran

A sarka mai fil, ɓarnar takan zo ne daga guduma. In aka buga fil saɓanin inda kibiya ta nuna, tsagaggen kansa zai ratsa duk tsawon ramin yana buɗa shi, daga nan ramin ba zai ƙara riƙe fil da kyau ba. In tsinken bugun ya karkace, sai ya lanƙwashe ko ya dake gefen gaɓa. A sarka mai fil da zobe kuwa, zoben ƙanƙane ne har yakan faɗi ba a lura ba. Za a mai da fil, sarka ta yi kamar ta haɗu, ashe ba abin da ke riƙe da shi. Rana ɗaya zai sulale.

Akwai kuma sarkar tangaran na zamani, irin wadda kamfanin Rado ya yi fice a kanta tun daga 1986. Taurinta a ma'aunin Vickers yana wajen 1,200, don haka sukudireba ba ya kwarzanarta. Amma tana da gautsi. Ƙarfe in ya sha bugu sai ya lotsa, tangaran kuwa sai ya tsage ko ya ɓantale, kamar yadda kwanon sha yake lotsewa in ya faɗi, tukunyar ƙasa kuma ta fashe. Wannan shi ne bambancin tauri da juriya, kuma ya kamata ɗalibi ya riƙe shi.

Gogewa ba ta mai da abin da ya tafi

Wani zai ce ai sai a goge kwarzanen. Gaskiyar magana ita ce gogewa ba ta cike rami, tana rage ƙarfen da ke kewaye da shi ne har ya sauko daidai da zurfin ramin. Ƙimar agogo irin su Royal Oak na Audemars Piguet, wanda Gérald Genta ya zana ya fito a 1972, tana cikin kaifin kusurwoyin gaɓoɓinsa da yadda fuska mai ƙyalli take haɗuwa da fuska mai zane-zanen goga. Kowace gogewa tana dakusar da waɗannan kusurwoyi, shi ya sa masu tara tsofaffin agogo suka fi biyan kuɗi a kan wanda ba a taɓa gogewa ba. In sarkar ruwan zinariya kawai aka yi mata, kaurin ruwan bai wuce 'yan maikuron ba, maikuron ɗaya kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, don haka gogewa kaɗan za ta tono ƙarfen ƙasa. A yau ana iya cike rami mai zurfi da waldar hasken leza kafin a goge, amma aiki ne mai tsada.

A ƙasarmu akwai wani abokin gaba na daban, wato ƙurar hunturu, wadda ke ɗauke da ɓarɓashin kwaz. Lambarsa 7 ta fi ta ƙarfen sarka. Ƙwayar rairayi ɗaya a kan tebur ko a jikin tsumma ta isa ta ja layi. Ita ce kuma ke shiga tsakanin fil da gaɓa, ta gauraya da gumi, ta riƙa cin su a hankali har sarka ta saki jiki. Mutane kan ce sarkar ta miƙe, alhali cinyewa ta yi.

Kammalawa

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Mai sayen agogo ya duba sarkar cikin haske tare da dillali kafin a taɓa ta, ya ɗauki hotonta, ya nemi a yi aikin a gabansa. Ya lura ko an liƙa tef a gefen gaɓoɓi, ko an kafa sarkar a mazauninta na roba ko katako, ko kuma sukudireban ya dace da tsagar. A cire gaɓoɓi daga ɓangarorin biyu domin maɓallin ya zauna a tsakiyar wuyan hannu, a kuma karɓi gaɓoɓin da aka cire da sukurorinsu a adana. Wani lokaci ma ba a bukatar kwance komi, domin maɓallan wasu agogo suna da wurin ƙara tsawo, kamar Easylink na Rolex mai ba da milimita 5.

Malamai na iya nuna wannan darasi a aji da kayan da ba su da tsada. A kawo alli, da wayar jan ƙarfe, da tsohon cokali maras tsatsa, da gutsuren gilashi, da tsakuwar kwaz. Ɗalibai su gwada kowanne a jikin ɗan'uwansa cikin kulawa, su jera su bisa tauri, sannan su faɗi wanne ne a cikinsu zai iya ɓata sarkar agogo, da kuma dalili.